Siyam Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu: Abin Da Aka Yafe Mata Da Abin Da Ta Biya

An daɗe ana yaɗa cewa Siyam, wadda ake kira Tailan a yau, ta bi bayan Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, amma da ƙura ta lafa sai ƙasashen ƙawance suka haɗa baki suka yafe mata, ba ta biya ko anini ba. Farkon zancen gaskiya ne. Gwamnatin Phibun Songkhram ta ƙulla ƙawance da Japan a Disamba 1941, ta kuma shelanta yaƙi da Birtaniya da Amurka ranar 25 ga Janairu 1942. Ƙarshen zancen ne ke da gyara, domin bakin ƙawayen bai taɓa zuwa ɗaya ba a kan Siyam, kuma wannan saɓanin ne ya yanke abin da ta biya da abin da ta tsira da shi.

Ana cewa Amurka ta sassauta ne kawai saboda jakadan Siyam a Washington, Seni Pramoj, ya ƙi miƙa takardar shelar yaƙi. Tabbas Seni ya juya wa Phibun baya, ya kuma taimaka wajen kafa ƙungiyar Seri Thai mai adawa da Japan. Amma takarda ɗaya ba ta juya manufar babbar ƙasa. Amurka ta zaɓi ta ɗauki Siyam a matsayin ƙasar da aka mamaye, shi ya sa ba ta rama shelar ba, kuma da muƙaddashin sarki Pridi Banomyong ya soke shelar ranar 16 ga Agusta 1945, nan da nan ta amince. Amurka ba ta da yankin da Siyam ta karɓe mata, tana kuma son ƙofar kasuwar ƙasar ta kasance a buɗe.

Birtaniya kuwa da ciwo a jikinta. Ta kudancin Siyam wani ɓangare na dakarun Japan ya sauka ya faɗa Malaya, sannan a 1943 Japan ta danƙa wa Siyam jihohin Kedah, Perlis, Kelantan da Terengganu, da wasu yankunan Shan na Bama. Masu cewa Birtaniya ta so ta mayar da Siyam ƙasar mallaka sun wuce gona da iri. Ba ta nemi haka ba. Sai dai sharuɗɗan farko da ta gabatar a tattaunawar sulhu a garin Kandy sun kai ga riƙe wuyan tattalin arzikin ƙasar, har sai da Amurka ta matsa aka rage su. Duk da haka yarjejeniyar Singafo ta 1 ga Janairu 1946 ta sa Siyam ta maido da yankunan, ta biya diyyar dukiyar da aka ɓata, ta yi alkawarin ba za ta haƙa mashigin ruwa a yankin Kra na ƙasarta ba sai da yardar Birtaniya, ta kuma ba da shinkafa har tan miliyan 1.5 kyauta. Wani zai ce ai yunwa ce ta addabi Malaya da Indiya, neman shinkafar adalci ne. Yunwar gaskiya ce, kuma ba na raina ta. Amma 'yan kasuwa ba sa fito da hatsi a kan farashin da bai kai ba, sai suka koma fasa-ƙwauri ta kan iyaka, shinkafar ta ƙi isowa yadda aka tsara. A Mayu 1946 aka koma saye da kuɗi, wanda ya nuna sharaɗin bai ciyar da mayunwatan da aka yi shi dominsu ba.

Da Faransa aka fi jan zare. Siyam ta so ta riƙe Battambang da sauran yankunan Kambodiya da Lawos da ta samu daga hannun Faransa a 1941, Faransa kuwa ta ce za ta hau kujerar na-ƙi idan Siyam ta nemi shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. A nan goyon bayan Amurka bai hana komai ba: Siyam ta sakar wa Faransa yankunan a yarjejeniyar Washington ta Nuwamba 1946. Tarayyar Sobiyet ma sai da aka soke dokar hana kwaminisanci ta 1933 kafin ta ba da hanya, sannan Siyam ta shiga Majalisar a Disamba 1946.