Katin Auna Launin Sararin Samaniya

Katin auna launin sama ɗan kwali ne mai girman tafin hannu, wanda aka jera wa shuɗi kala-kala a zagaye, daga mai hasken ruwan bula har zuwa wanda ya kusa baƙi, kowanne da lambarsa. Ana barin ƙofa a tsakiya. Mai dubawa ya ɗaga shi sama, ya juya wa rana baya, ya nemo launin da ya dace da abin da yake hange ta ƙofar. Sai ya rubuta lamba da rana da sunan gari a bayan katin, ya manna kan sarki, ya aika wa wani ta gidan waya.

Dabarar ta girmi katin wasiƙa, wanda aka fara fitarwa a Ostiriya a 1869. Wani masani ɗan Siwizalan, Horace-Bénédict de Saussure, shi ya ƙirƙiro ma'aunin a 1789, da takardu rinannu masu mataki 53. Ya lura cewa sama tana ƙara duhu idan mutum ya hau tsauni. Alexander von Humboldt ya hau da irinsa dutsen Chimborazo na Kudancin Amurka a 1802, ya samu lamba 46. Dalilin shuɗin ya fito fili a 1871, lokacin da Lord Rayleigh na Ingila ya nuna cewa ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da ke cikin iska sun fi warwatsa shuɗin hasken rana a kan jansa. Ƙura da tururin ruwa kuwa dusashe shi suke yi.

A Madachi ta ƙasar Rano, wannan kati ba zai rasa aiki ba. Da hunturu, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, hazo ya rufe duwatsun Rano, sama ta koma ruwan toka. Da bazara takan yi fari-fari saboda zafi da ragowar ƙura. Shuɗi na gaske sai damina, bayan ruwa ya wanke iska, da farkon kaka kafin hazo ya dawo. Baƙin hadarin gabas kuwa ba shi ne ma'aunin Saussure yake aunawa ba, ga shi kuma shi ne launin da manomi ya fi sa wa ido.

Ko wajen haɗa katin ba sai an je nesa ba. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun san matakan shuɗi a hannu: duk tsomawa ɗaya a ruwan baba, in zane ya sha iska, launinsa ya ƙara nuna. Ƙyallaye goma da aka tsoma sau ɗaya, sau biyu, har sau goma, in aka liƙa su a kwali sun isa ma'aunin da ɗalibin firamare zai riƙa cikewa kowane hantsi, ya kwatanta da na ɗan'uwansa da ke Kibiya ko Maraɗi.