Karatun Fiziks Ta Wayar Hannu

Zancenmu na yau na 'yan makaranta ne, amma iyaye mata ku ma ku matso kusa, tun da kuɗin data daga bakin zanenku yake fita.

Kwanan baya wata ɗaliba ta zo mini da wata doguwar kalma da ta tsinta a intanet, wai rinomalaizeshan, tana so ta shiga darasinta. To, mene ne shi? Ki ɗauki atamfa ki kawo ta dab da idonki, zare za ki gani birjik. Ki ja da baya taku goma, sai ki ga fure kawai, zaren ya ɓace. Masana fiziks suna da lissafin da ke nuna abin da kan ɓace da abin da kan saura in an dubi abu daga nesa. Shi ke nan fa, sunan ne mai ban tsoro.

A shekarun 1940 aka fara aiki da shi, don lissafin haske da elektiron yakan ba da amsa marar iyaka. Feynman da Schwinger na Amurka, da Tomonaga na Japan, su suka warware matsalar, aka ba su kyautar Nobel a 1965. Kenneth Wilson kuwa ya sami tasa a 1982, da ya bi wannan hanya ya bayyana yadda abu kan sāke hali, kamar maganaɗisun da zafi ke raba shi da ƙarfin jansa.

Cibiyar Santa Fe ta Amurka ta shirya gajerun darussa a kan haka, Simon DeDeo ne malamin. Leonard Susskind na Jami'ar Stanford yana da laccoci a YouTube. Jami'ar MIT ma tun 2002 take zuba darussanta kyauta, sai dai ba ta ba da takardar shaida a kansu, kuma da Turanci ake yi.

Amma fa ban bar yarinyar nan ta fara daga can ba. Wadda aljabra ke ba ta wuya, kallo kurum za ta yi, kamar mai kallon wasan kwaikwayo, ta tashi tana zaton ta iya. Na ce ta gama da aljabra tukuna, ta kama kalkulas, sannan fiziks na ƙananan ƙwayoyi. Na kuma sa ta sayi littafin rubutu, duk lissafin da malami ya yi a allo ta tsayar da bidiyon ta sāke yinsa da hannunta. Ku iyaye, wannan littafin za ku riƙa dubawa ran Asabar.