Gawayin da Muke Girki da Shi da Lakar da Ke Sauka a Tiga

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san yadda Kwanar Dangora take da asuba. Kafin gari ya gama wayewa mai shayi ya hura wuta, mai ƙosai ta ɗora kasko, mai tsire yana kwashe tokar jiya daga tukuba. A 'yan shekarun baya, idan ka leƙa ƙarƙashin teburin mai shayi, ƙaramar tukunyar gas za ka gani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin gas da na kananzir suka yi tashin gwauron zabi, sai tukwanen nan suka koma lungu, kurfoti da murhun dutse uku suka dawo bakin aiki. Haka abin yake a gidajen abinci na cikin birni, har da otal-otal masu gasa kaza da kifi da daddare.

Da ma'aikatar muhalli ta Jihar Kano ta sanar a 2025 cewa babu wanda zai ƙara amfani da injin yanka itace sai da izini, gardama ta kaure a rumfunan shayi da majalisu. Wasu suka ce an zo toshe wa talaka hanyar abinci, wasu suka ce ai an ma makara. Ba wannan ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai wata magana ce da nake ji a bakin masu sana'ar abinci, har da masu ilimin cikinsu: wai su ba ruwansu da sare daji, domin sun daina amfani da itace, gawayi suke saya, shi kuwa gawayi ba ya hayaƙi, ba ya ɓarna, buhu ɗaya sai ya yi maka aikin da kurar itace ba za ta yi ba.

Wannan magana kuskure ce, kuma kuskure mai tsada.

Na taɓa tsayawa inda ake toya gawayi a gefen hanyar Jos, bayan an wuce Tudun Wada. An jera gungume a kan gungume, tsibi ya kai ƙirjin mutum, aka lulluɓe shi da ɗanyen ganye da ciyawa, aka bi da ƙasa aka rufe ruf, sai 'yar kafa da aka bari ta cinna wuta. Kwana da kwanaki tsibin nan yana fitar da farin hayaƙi mai kauri, mai sa hawaye tun daga nesa. Ranar da aka tone shi, abin da aka tarar bai kai a kwatanta da abin da aka binne ba. Irin wannan toyi na gargajiya, idan an ci sa'a, yakan ba da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na nauyin itacen da aka zuba. Wato kowane kilo ɗaya na gawayin da ke cikin kurfotinka, itace kilo 5 zuwa 10 ne ya mutu aka same shi.

Gaskiya ne gawayi ya fi itace ƙarfin wuta idan an auna su kilo da kilo, kusan ninki biyu. Gaskiya ne kuma kurfoti ya fi murhun dutse uku tattalin zafi. Amma ninki biyu ba ya biyan asarar ninki biyar ko goma. Fiye da rabin ƙarfin wutar da Allah Ya ajiye a jikin itacen ya riga ya tashi sama a daji, bai dafa wa kowa ko ruwan shayi ba. Ka ɗauka kamar kilishi ne: yanki ɗaya ba nauyi a hannu, amma mahauci ya san yawan tsokar da ya shanya kafin ya samu. Ko man shanu: kwalba guda ce a gabanka, amma 'yar Fulani ta san ƙwarya nawa ta kaɗa. Ko ka ce mutum ne ya auno tiya goma ta gero, ya zubar da takwas a hanya, ya iso gida yana murna kayansa ba nauyi. Shi kuma hayaƙin da muke cewa babu, yana nan. An dai riga an sha shi ne a madadinmu. Matashin da ya kwana yana gadin tsibin nan a dajin Doguwa shi ya shaƙe shi, don mai otal a birni ya gasa kazarsa ba tare da baƙi sun yi tari ba.

Ko a ɗakin girkin ma gawayi bai da tsarkin da ake ba shi. Yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce ke kashe mutane a ɗaki rufe lokacin sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar girki da itace da gawayi da makamantansu tana kashe mutum kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara. Ka shiga bayan kowane gidan abinci ka ga su wa ke tsaye a kan wutar daga safe har dare: mata ne, yawancinsu zawarawa da masu marayu a hannu, wata da goyo a baya, sai yara masu wanke-wanke. Mai gidan abincin yana gaba wurin karɓar kuɗi, inda fanka take.

Sannan ba kowane itace ake toyawa ba. Mai saye yana son gawayi mai nauyi, mai daɗewa yana ci, wanda ba ya tartsatsi. Wannan kuwa sai itace mai tauri: ƙirya, marke, kaɗanya, ɗorawa idan an rasa na farko. Nan ne abin yake ba ni takaici ƙwarai. Ɗorawa ita ke ba da kalwar da ake yin daddawa. Kaɗanya ita ke ba da man kaɗe, kuma takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Mai abincin da ke kukan daddawa ta yi tsada, sau da yawa uwar daddawar ce ke ci a ƙarƙashin tukunyarta. Matan karkara da ke tsintar ƙwarar kaɗe da kalwa su sayar su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, su aka fara yi wa asara, kuma babu wanda ya shawarce su. Injin yanka itace yana kayar da bishiyar shekara hamsin kafin a gama shan shayi kofi guda.

Yanzu bari mu bi ruwa, domin a nan ne maganar ta wuce ta bishiya kawai.

Dajin Falgore, wanda ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 1,000. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Mutane da yawa sun ɗauka don namun dajin kaɗai aka keɓe shi. Babban aikinsa shi ne tsaron kan Kogin Kano, kogin da gwamnatin Audu Bako ta datse tsakanin 1971 da 1974 aka sami madatsar Tiga, wadda aka gina ta don ta riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga Tiga ruwa ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara noman rani na kimanin hekta 22,000. Tumatirin Kwanar Gafan, shinkafar Kura, albasa, alkama, masarar rani da ake gasawa a bakin titi, duk 'ya'yan Tiga ne. Ruwan da matatar Tamburawa ke tacewa ta tura birni ma daga kogin nan yake.

Idan ruwan sama ya sauka a daji mai bishiyoyi, ganye ne ke fara tare shi, ya rage masa ƙarfi. Busasshen ganyen da ya zuba a ƙasa ya riƙe shi, saiwoyi su buɗe masa hanya ya nutse a hankali, ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka har bayan damina. Idan aka aske wurin, ɗigon ruwa yana dukan ƙasa kai tsaye, ya farfasa ta, ya kwashe ta ya gangara da ita. Shi ya sa rafin da kakanninmu suka sani garai-garai yanzu yake zuwa ja wur kamar kunun kanwa. Ruwa mai gudu yana iya ɗaukar laka, amma da zarar ya shiga madatsa ya tsaya, sai ya sauke kayansa a ƙasa. Kowace damina sai an ƙara shimfiɗa.

A nan ma akwai wata magana da ke yaudarar mutane. Sai ka ji an ce, wace irin barazana, dam ɗin da ke cika har ya yi ambaliya? To, ai cika da wuri ba alamar lafiya ba ce. Ka ɗauki randa ka zuba mata yashi zuwa rabi, ka cika ta da ruwa. Wanda ya leƙa zai ga ruwa har baki, amma kafin la'asar moɗa ta fara kartar yashi. Rijiyar da aka shekara ba a yashe ba haka take: da damina tana tumbatsa, da bazara guga na dawowa da taɓo. Madatsar da laka ta ci cikinta tana saurin amai a watan Agusta, ta kuma yi saurin gazawa a watan Maris da Afrilu, daidai lokacin da mai tumatir ya fi bukatarta. Rijiya kuwa ana shiga a yashe ta da kwando. Tafkin da ya kai girman Tiga, yashe shi aiki ne da kuɗinsa zai girgiza kasafin jiha. Hana lakar tasowa tun daga tudu ya fi araha nesa ba kusa ba.

Masu harkar baƙi ya kamata su fi kowa gane wannan, domin sun ga misali da idonsu. Audu Bako bai tsaya ga dam ba. An gina otal ɗin Bagauda a bakin tafki a ƙasar Bebeji, aka gina Rock Castle a kan dutse a Tiga, da nufin baƙo ya kwana a bakin ruwa, gari ya waye ya wuce Falgore kallon namun daji. Yau Bagauda ta zama reshen makarantar horar da lauyoyi, Rock Castle ta shafe shekaru ba ta cikin hayyacinta, shi kuwa Falgore sai da ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har rundunar soja ta mai da shi filin atisaye a 2017. Dajin da hukuma ta janye ido daga kansa ba ya zama haka nan. Wani ne zai shiga, ko da gatari ko da bindiga.

Ban ce a kama mai toya gawayi a ɗaure shi ke nan ba. A duk jerin masu cin wannan kasuwa shi ne mai ƙaramin rabo: dillali da mai mota da mai sari a birni duk sun fi shi samu, ga na shingayen hanya da kowa ya san ana miƙawa. Kuma hani tsagwaronsa an gwada shi. Ƙasar Cadi ta hana gawayi a farkon 2009 ba tare da ta tanadi madadi ba, mutanen Injamena suka koma ƙona kashin shanu da karyayyun kujeru, mata suka fito zanga-zanga. Dokar izinin inji abu ne mai kyau, amma tana kallon hannun da ke sara ne kawai, ba ta kallon bakin da ke ci. Ban ga dalilin da za a tare yaro mai buhu biyu a kan babur, a bar gidan burodin da ake sauke wa gungume mota guda kowane mako ba wanda ya tambaye shi daga ina suka fito.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne madadin yana zube a ƙofar gida. Ka je inda ake casar shinkafa a Kura ko Tudun Wada ka ga tsibin ɓuntu, wani wurin wuta ake cinna masa don a rabu da shi, alhali a gefe mata masu turara shinkafa suna sayen itace da tsada. Totuwar masara a Doguwa haka take zube bayan girbi. Dukansu ana iya matse su a yi curin makamashi da zai yi aikin gawayi, kuma murhu mai tattalin itace ba sabon abu ba ne a Kano. Gidan burodi da babban gidan abinci su ne suka fi dacewa su fara, domin su ke da jari, su ke cin wuta mai yawa, kuma su za su fara ganin ribar a aljihunsu. Maƙwabtanmu na Maraɗi kuma sun nuna cewa kututture ba gawa ba ne. Tun daga shekarun 1980 manoma can suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Da wannan dabara mai sauƙi aka farfaɗo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a Nijar, a ƙasar da ruwan samanta bai kai na Kiru ko Doguwa ba. Dajin Ɗansoshiya na Kiru da gonakin da ke kewaye da Falgore sun fi Maraɗi damar yin haka.

Ina kira ga ƙungiyoyin masu burodi da masu otal da masu sayar da abinci na Kano su zauna su amince cewa ba za su ƙara sayen gawayin kaɗanya da ɗorawa ba. Dillalansu sun san kowane buhu da irin itacen da ke cikinsa. Ita kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Tiga ke hannunta, ta auna zurfin tafkin, ta fito gidan rediyo ta faɗa wa manoman Kadawa da Kura da harshen da suke ji: ruwa nawa ya rage, laka nawa ta shiga.