Mutum Biyar da Waya Ɗaya: Yadda Ake Gwada Manhaja Kafin Ta Shiga Hannun Jama'a

A shekarar 2009, wani masanin tsara shafukan intanet ɗan Amurka mai suna Jared Spool ya ba da labarin wani babban kamfanin sayar da kaya ta intanet da ya daɗe yana tafka asara bai sani ba. Mai saye zai gama zaɓen kayansa tsaf, da ya zo wurin biya sai shafin ya tare shi, wai sai ya yi rajista tukuna. Masu shafin gani suke gata suka yi masa. Amma da aka zaunar da masu saye ana kallon yadda suke yi, sai aka ga sababbin zuwa suna fasa cinikin, don sayayya ta kawo su ba rajista ba, tsofaffin kuma sun manta kalmar sirrinsu. Aka cire maɓallin rajista, aka sa wanda ke cewa a ci gaba kawai. A shekarar farko cinikin kamfanin ya ƙaru da dala miliyan 300.

Babu injiniyan da ya hango wannan matsala daga kan teburinsa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a harkar manhaja mai amfani da ita shi ne mai ɗakin, ba wanda ya gina ta ba.

Shi ya sa hanya mafi inganci ita ce kallo. Ana samo mutum irin wanda aka yi manhajar dominsa, a ba shi waya, a ɗora masa aiki takamaimai, misali ya tura wa ƙaninsa naira dubu biyar. Kafin a fara, mai gwajin kan kwantar masa da hankali: "Ba kai muke gwadawa ba, manhajar muke gwadawa." Daga nan sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Yana ganin yatsan mutumin na shawagi a saman allo, ya danna wani wuri, ya koma baya, ya sake danna wurin, ya ɗago kai yana neman agaji. A nan aikin ya fi wuya, domin da zarar an nuna masa hanya, gwajin ya lalace. Abin da aka yarda a ce masa shi ne: "Me kake nema yanzu?" Wannan salo na sa mutum ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana cikin aiki, Clayton Lewis na kamfanin IBM ne ya shigo da shi fagen a 1982.

Mutum nawa ake bukata? Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmark, da abokin bincikensa Thomas Landauer sun yi lissafin a 1993, kuma a 2000 Nielsen ya yaɗa sakamakon: mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin. Dalilin kuwa, inda na farko ya yi tuntuɓe nan na uku da na huɗu za su yi, har ya zama maimaici ake kallo. Shawararsa ita ce wanda ke da kuɗin gwada mutum 15 ya raba su gida uku: a gwada biyar, a gyara, a sake gwadawa. Ba lallai ma sai an gama manhajar ba. Akan zana fuskokinta a takarda, mutum ya taɓa zanen maɓalli da yatsa, wani ya sauya masa takarda kamar shi ne kwamfutar.

Manyan kamfanoni masu miliyoyin baƙi suna da wata hanyar. Sukan raba masu shiga shafi kashi biyu ko fiye ba tare da sun sani ba, kowane kashi ya ga salo daban, a ƙirga wanda ya fi jan mutane. Google ya taɓa gwada launin shuɗi iri 41 ta wannan hanya. Sai dai alƙaluma na nuna wanne ya yi nasara ne kawai, ba sa faɗin dalili. Akwai kuma tambayoyi goma da John Brooke ya tsara a 1986, waɗanda ake ba mutum bayan gwaji a fitar da maki daga sifili zuwa ɗari. Matsakaicin maki yana wajen 68.

Tambaya kuwa tana da nata cikas, kuma duk wanda ya san kara da kunya zai gane shi. A Indiya, masaniya Apala Lahiri Chavan ta lura mutane ba sa iya kushe abu a gaban wanda suke zaton shi ya yi shi. Ko sun sha wuya sai su ce yana da kyau. Sai ta ari salon finafinan ƙasar. A gwajin wani shafin sayen tikitin tafiya, akan ce wa mutum ana gab da ɗaura auren 'yar ɗan'uwansa, ga shi an gano angon mugu ne kuma yana da matar da ya ɓoye, dole ya yanki tikiti yanzu ya je ya hana. Da mutane suka shiga cikin labarin, kunya ta kau, suka fara faɗa da duk maɓallin da ya ɓata musu lokaci.

Irin wannan la'akari da yanayin mutane ne ya sa masu gwaji ke barin ofis mai sanyi da intanet mai ƙarfi, su fita inda za a yi amfani da manhajar. Wadda aka yi wa ɗan kasuwar Kantin Kwari ko manomi a Maraɗi, akan gwada ta da ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, cikin rana tsaka, ga hayaniya, ga sabis yana ɗaukewa, sannan a auna minti nawa ya ɗauka kafin kuɗin su tafi.