RENON JARIRAN KYANWA MARAYU: ƊUMI KAFIN MADARA

Duk wanda ya zauna a Palladan, ko Samaru, ko Sabon Garin Zariya, ya san cewa da wuya shekara ta zagayo ba a tsinci jariran kyanwa a bayan ɗakin girki, ko cikin tsohon kwali a shago, ko ƙarƙashin tarin katako, suna ta tsuwa babu uwa ba. Dalilan maraicinsu sanannu ne. Wata uwar mota ce ke take ta a kan hanyar Sakkwato, wadda ta taso daga Kwangila ta ratsa Palladan ta nufi Samaru. Wata karnuka ne ke halaka ta. Wata kuwa ɓeran da ya ci guba ta kama, gubar ta bi ta kanta. Abin da yakan biyo baya shi ne yara ko matan gida su ji tausayi, su dama madarar gari su ɗura wa jariran da cokali, amma kafin kwana uku duk sun mutu. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ɗan kyanwa ba ya rayuwa a hannun mutum.

Wannan magana ba ta da tushe a ilimin halittu. Abin da ke faruwa shi ne, uwar kyanwa tana yi wa 'ya'yanta ayyuka uku: tana ɗumama su, tana shayar da su, tana kuma lasar su domin su yi fitsari da kashi. Mai tausayi yakan ɗauki aiki na biyu kawai, ya manta da na farko da na uku, alhali kuwa na farkon shi ne ginshiƙin sauran.

DON ME ZA A DAMU?

Kyanwa ta daɗe tana tsaron rumbun ɗan Adam. A shekarar 2004 masana tarihin ƙasa suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. A ƙasarmu kuwa, bayan ɓarnar hatsi, ɓera na da wata illar: wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke cikin Jihar Barno ta yanzu, kuma ajiye kyanwa a gida na cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata na rage ɓeraye. Ta fuskar addini ma, Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ta hana ta abinci har ta mutu.

A TABBATA MARAYU NE

Ba duk jariran da aka gani su kaɗai ne marayu ba. Uwa takan fita farauta, takan kuma sauya maɓoya tana ɗaukar 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Idan jariran suna da tsabta, jikinsu da ɗumi, suna barci a cure, to a ja da baya a ba ta awa uku ko huɗu. Ana iya barbaɗa toka a kewayen wurin. Idan ta dawo za a ga sawunta. Amma idan jikinsu ya yi sanyi, ko sun jiƙe, ko suna kuka ba ƙaƙƙautawa, babu sauran jira. Haka kuma, idan akwai wata kyanwa mai shayarwa a maƙwabta wadda 'ya'yanta ba su fi su girma sosai ba, a fara gwada ta, domin kyanwa takan karɓi ɗan da ba nata ba, kuma babu renon mutum da zai kamo ƙafar nata.

Kyanwa tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63 zuwa 65, ta haifi jinjiri mai nauyin giram 100 ko kusa da haka, ido da kunne a rufe. Cibiyarsa takan faɗi cikin kwana uku ko huɗu, idanu su fara buɗewa tsakanin kwana 7 da 10, haƙora su fara tsirowa a mako na uku. Da waɗannan alamu mai reno zai ƙiyasta shekarun abin da ya tsinta, ko kuwa mu ce kwanakinsa.

AIKI NA FARKO: ƊUMI

Zafin jikin babbar kyanwa digiri 38 ne zuwa 39 a ma'aunin santigireti. Na jinjiri a makon farko bai wuce 35 zuwa 37 ba, kuma ba ya iya riƙe shi da kansa sai ya kai kimanin mako huɗu. Ba shi da kitse mai yawa, fatarsa tana da faɗi idan aka kwatanta da nauyinsa, sa'annan a kwanakin farko ba ya iya rawar ɗari, wadda da ita ce jiki ke samar da zafi. Saboda haka a daren hunturu na Disamba da Janairu, lokacin da zafin iska a Zariya kan sauka ƙasa da digiri 15, 'yan awoyi kaɗan sun isa su kai shi ga halaka.

Ga inda mafi yawan masu reno ke tuntuɓe. Da zarar zafin jikin jinjiri ya sauka zuwa wajen digiri 34, hanjinsa ya daina motsi. Madarar da aka ɗura masa a wannan hali ba za ta narke ba. Za ta zauna ta kumbura masa ciki, ko kuwa ya amayo ta ta faɗa huhu. Ƙa'ida ke nan da ba ta da togiya: ba a shayar da jinjirin da jikinsa ya yi sanyi. A taɓa tafin ƙafarsa da cikin bakinsa. Idan da sanyi, a naɗe shi a tsumma a sa shi cikin riga a jikin mutum, ya ɗumama sannu a hankali na tsawon awa ɗaya ko fiye. Idan ya galabaita, a shafa masa ɗigon ruwan sukari a dasashi. Kada a kanga shi a wuta, kada kuma a tsoma shi a ruwan zafi.

Makwancinsa kwali ne mai tsumma, wanda zafin cikinsa zai kai digiri 30 zuwa 32 a makon farko, a riƙa ragewa har ya sauka wajen 24 a mako na huɗu. Tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul ta wadatar, a riƙa sauya ruwan idan ya huce. A ajiye ta a gefe guda na kwalin domin jinjiri ya iya matsawa idan zafi ya dame shi, musamman a watannin Maris da Afrilu. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne gare shi da mai renonsa baki ɗaya.

AIKI NA BIYU: MADARA

Nonon farko, wato dakashi, shi ke ɗauke da garkuwar jiki daga uwa, kuma hanjin jinjiri ba ya iya tsotse wannan garkuwa sai a cikin yinin farko na rayuwarsa. Wanda ya rasa dakashi yana buɗe ga kowace cuta, don haka tafasa kayan shayarwa da wanke hannu wajibi ne.

Nonon kyanwa ya ninka na saniya wajen furotin, abincin gina jiki, ya kuma fi shi maiƙo. Madarar saniya ko ta akuya zalla ba ta ƙosar da jinjiri, kuma sukarin da ke cikinta, wanda ake kira laktos, yakan sa shi zawo. Akwai kuma sinadarin taurin, wanda jikin kyanwa ba ya iya haɗa isasshe da kansa. A 1975 masana a Amurka suka nuna cewa rashinsa na lalata idon kyanwa, a 1987 kuma Paul Pion da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya suka nuna yana raunana zuciyarta. Mafi kyau dai shi ne madarar da aka haɗa musamman don jariran kyanwa, wadda ake nema a wurin masu sayar da magungunan dabbobi. Kafin a same ta, ana iya riƙon ƙwarya da kofi ɗaya na tafasasshiyar madara, kimanin mililita 240, da gwaiduwar ƙwai biyu, ban da farin, da ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa. Haɗin 'yan kwanaki ne, kuma abin da ya kwana ba a firji ba a zubar.

Cikin jinjiri mai giram 100 ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a lokaci guda, alhali yana bukatar kimanin mililita 25 zuwa 30 a yini. Ma'ana, za a shayar da shi duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, a makon farko, sa'annan a riƙa ƙara tazara da yawan madara yayin da yake girma. A yi amfani da ƙaramin sirinji marar allura, madarar na da ɗumin jiki. A kwantar da shi rub da ciki, kansa a ɗan ɗage, kamar yadda yake kwanciya a jikin uwarsa, a riƙa ɗiga masa yana haɗiya. Rungume shi a rigingine kamar jaririn mutum shi ke tura madara cikin huhu. Idan aka ga tana fitowa ta hanci, a tsaya nan take. Sannu ba ta hana zuwa.

Ma'aunin nasara shi ne sikeli. Jinjiri mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 kullum, ya ninka nauyinsa cikin kwana goma ko ƙasa da haka. A auna shi kowace safiya a rubuta. Wanda ya yi kwana biyu bai ƙaru ba, likita yake bukata.

AIKI NA UKU: FITSARI DA KASHI

Har ya kai kimanin mako uku, jinjirin kyanwa ba ya iya fitar da fitsari ko kashi sai an motsa shi. Bayan kowace shayarwa, a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a riƙa shafa masa ƙarƙashin wutsiya a hankali har ya yi. Fitsari mai haske alama ce ta isasshen ruwa a jiki; mai duhu da busasshen dasashi na nuna ƙarancinsa, abin da busasshiyar iskar hunturu ke gaggautawa. Zawo, ko rashin kashi na fiye da kwana biyu, dalili ne na zuwa asibiti.

ABUBUWAN DA KE KISA

Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe babba, balle jinjiri. Haka ma maganin ƙwari na gida da maganin kaska na karnuka. Idan akwai ƙuma, wadda ke iya shanye jinin jinjiri har ya mutu, a taje ta da ƙaramin mataji a sauya shimfiɗa. Maganin tsutsar ciki kuwa likitan dabbobi ne zai auna shi bisa nauyi. Mutanen Palladan sun yi sa'a, domin Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, tafiyar 'yan mintoci. Don kariyar mutanen gida, a riƙa wanke hannu saboda makero, mace mai ciki kuma kada ta kwashe kashin kyanwa.

YAYE

A mako na huɗu a fara ba shi dafaffen kifi marar ƙaya ko niƙaƙƙen nama da aka dama da madararsa, babu albasa babu yaji, a ajiye masa faranti mai yashi don bayan gida. Kyanwa maciyar nama ce. Tuwo da koko ba za su raya ta ba. Tsakanin mako na biyu da na bakwai ne halinta ke ginuwa, don haka a bar 'yan'uwa tare, a kuma riƙa ɗaukarsu a hankali domin su saba da mutane. Allurar rigakafi ta farko takan zo a mako na shida zuwa na takwas, ta ciwon haukan kare kuma a wata uku.

Ko da an yi komai daidai, wasu jariran sukan mutu, musamman waɗanda suka rasa dakashi. Amma wanda ya kiyaye jerin nan, ɗumi, sa'annan madara, sa'annan auduga, ya ba su damar da cokali da madarar gari ba su taɓa ba su ba. Muna kira ga malaman kimiyya na makarantun Palladan da kewaye da su koya wa ɗalibansu wannan, domin yara ne suka fi tsintar marayun. Ga masu zuba gubar ɓera kuma, su tuna cewa gubar ba ta tsayawa a kan ɓera.