Alawa a Aji: Kyauta ko Matsala?



Duk mun san daɗin da ake ji idan malami ya ce, "Wanda ya amsa daidai yana da alawa." Nan take hannuwa suke tashi sama. To amma a ajinmu akwai wadda takan ci gasar, ta karɓi alawar ta jefa a jaka. Wasunmu har rowa suka riƙa kiranta da ita. Ashe tana da ciwon suga. Da izininta muka rubuta wannan.

Abincin da muke ci yana zama suga a cikin jini. Wani sinadari mai suna insulin ne yake shigar da sugan cikin tsoka domin mu sami ƙarfi. Yaron da ke da nau'i na ɗaya na ciwon, jikinsa ya daina yin insulin, sai an yi masa allura kullum. Ba shan zaƙi ne ya jawo masa ba, kuma ba a ɗauka daga wani. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada. Yaro ɗan shekara 14 aka fara yi wa allurar a 1922, kusan sa'anmu ke nan.

Ba wai an hana mai ciwon alawa har abada ba. Sai dai ana auna abincinsa daidai da allurarsa. Alawar da ta zo ba shiri tana hauda suga, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga gajiya. A nan Birnin Gwari kuwa, wani lokaci sai an bi hanyar daji zuwa Kaduna kafin a samo maganin, kuma zafi yana lalata shi. Bai kamata mu ƙara wa iyaye wahala ba.

Abin mamaki, alawar nan takan zama magani. Idan suga ya sauka ƙasa sosai, yaro yakan yi gumi, jikinsa ya yi rawa, ya ji jiri. A lokacin sai a ba shi alawa ko ruwan suga da sauri. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Don haka muna roƙon malamanmu: a mayar da kyauta biro, fensir, littafin rubutu, ko a rubuta sunan gwani a allo har mako guda. Kowa zai iya morar wannan. Alawa kuma a ajiye kaɗan a ofis saboda ranar gaggawa. Idan mai ciwon ya nemi fita fitsari ko shan ruwa, a ƙyale shi.

Mu kuma ɗalibai, mu daina tsokana. Ranar 14 ga Nuwamba ce Ranar Ciwon Suga ta Duniya. Mu fara gyara kafin ta zo.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, Aji Biyu na Ƙaramar Sakandare