Kwana Biyu a Gaɓar Kogin Baaka

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana wa 'yan uwana ɗalibai yadda ake kwanan daji a ƙarshen mako a tsakiyar ƙasar Ostiraliya, wato yankin nan mai ƙarancin ruwa da jama'a da suke kira Outback. Zan yi misali da wurin da na kwana, gandun dajin Kinchega da ke gefen garin Menindee a jihar New South Wales, kimanin kilomita 110 daga birnin Broken Hill.

Kogin da ya ratsa wurin suna biyu gare shi. A taswira Darling ne, sunan da Baturen nan Charles Sturt ya raɗa masa a 1829 don girmama gwamnan lokacin, Ralph Darling. Amma mutanen asali Baaka suke ce masa tun fil azal, kuma daga nan sunansu ya fito: Paakantyi, ma'ana mutanen kogi. Ɗafin -ntyi yana aiki kusan irin na -awa a Kanawa ko Gobirawa. Mai karatu zai ga an rubuta sunan Paakantyi a nan, Barkindji a can, har ya ɗauka ƙabilu biyu ne. Dalili shi ne harshen bai bambanta p da b, ko k da g ba, don haka kowane marubuci ya zaɓi harafin da kunnensa ya ji. Harafin r ɗin nan na Barkindji kuwa tsawon wasali kawai yake nunawa, bisa lafazin Turancin ƙasar. Masaniyar harshe Luise Hercus ta fitar da nahawun harshen a 1982, ita kuma Bāgandji ta rubuta. Masu jin harshen sosai yanzu 'yan kaɗan ne ƙwarai.

To, mu koma ga tafiyar. Lokacinta shi ne sanyinsu, daga Mayu zuwa Agusta, domin a Janairu zafi kan haura digiri 40. Ruwan sha da itacen girki daga gari ake zuwa da su, saboda an hana tsintar itace a gandun. Ba a son tuƙi da magariba, lokacin da kangaru ke tsallake hanya. Ruwan sama kaɗan kuma ya isa ya mayar da baƙar ƙasar gaɓar kogin ta zama taɓo mai riƙe mota, sai hukuma ta rufe hanya. Wanda ya shiga da niyyar kwana biyu yana iya yin huɗu, shi ya sa guzuri ba a yin sa daidai wa daida.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zaɓen wurin shimfiɗa. Bahaushe in ya ga babbar inuwa, can zai nufa. A nan kuwa manyan itatuwan turare da ke jere a bakin ruwa sukan yar da reshe mai nauyin gaske ba iska ba ruwa, ba kuma gargaɗi. Don haka a fili ake kwana, cikin wata shimfiɗar tamfol mai katifa da ake naɗewa kamar tabarma, sunanta swag. Abincin dare shayi ne da damper, burodin fulawa da ruwa da ake gasawa cikin toka mai zafi. Taurari kam ban taɓa ganin yawansu haka ba.

Kogin kansa ba lafiya gare shi ba. Tsakanin Disamba 2018 da Janairu 2019 kifaye masu ɗimbin yawa sun mutu a Menindee: fari da yawan janye ruwa don noman rani a sama sun rage gudunsa, gansakuka ta yaɗu, da ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. A Maris 2023 abin ya sake faruwa bayan ambaliya ta janye, wannan karon miliyoyi ne suka rufe fuskar ruwan. Saboda haka kafin a yi wanka ko a jefa ƙugiya, sai an duba sanarwar hukuma game da gansakukar, domin wata irinta guba ce ga mutum da dabba, kuma tafasa ruwan ba ya kashe gubar.